WATANDA DA LAFIYAR IYALI: Sayen Nama Daga Hannun Mai Kiwo

An shirya wannan ɗan littafi ne domin magidanta, da matan aure, da shugabannin ƙungiyoyi, da duk wanda nauyin cefanen gida yake wuyansa, ko a birni yake ko a ƙauye, ko a Arewa ko a Kudu. Abin da za mu yi bayani a kansa ba baƙo ba ne a gare ku. Tun kaka da kakanni, idan Ƙaramar Salla ta gabato, ko kuwa Kirsimeti, mutanen unguwa ko abokan sana'a sukan haɗa kuɗi su sayi sa guda, a yanka, a kasa naman kashi-kashi, kowa ya ɗauki rabonsa gwargwadon abin da ya zuba. Wannan shi ne watanda.

Abin da muke so mu jawo hankalinku gare shi shi ne, wannan tsohuwar al'ada tana iya zama hanyar kyautata abincin iyali duk tsawon shekara, ba ranar biki kaɗai ba. Amma fa da sharaɗi. Sai an sayi dabbar daga hannun mai kiwon da aka sani, an bari ma'aikacin dabbobi ya duba ta, sa'an nan kuma an san yadda za a yi da naman bayan ya iso gida. Watandar da aka yi ba bisa wannan ƙa'ida ba tana iya kwantar da gida ashirin a rana ɗaya, tun da yake duk daga dabba guda suka ci.

AMFANIN NAMA A JIKI

Tuwo da shinkafa da garin rogo da doya suna ba jiki ƙarfin aiki, amma ba su isa su gina shi ba. Ginin jiki yana bukatar abin da masana ke kira furotin, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin ɗanyar tsoka furotin ne. Ban da wannan, nama yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, wanda da shi ne jiki yake yin jini. Akwai wannan sinadari a cikin wake da ganyaye, sai dai hanji ya fi saurin tsotse na cikin nama. Abin sha'awa kuma, 'yar tsoka kaɗan a cikin miyar ganye ko faten wake tana taimaka wa jiki ya amfana da ƙarfen da ke cikin ganyen da waken. Har ila yau akwai bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke bukata, ba a kuwa samunsa sai a abincin da ya fito daga dabba, watau nama da kifi da ƙwai da nono.

Kada ku ɗauka wannan magana ce ta littafi kawai. Binciken lafiyar jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a shekarar 2018 ya nuna cewa mata 58 cikin kowane 100 masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. A wajen yara 'yan wata shida zuwa shekara biyar kuwa, abin ya kai 68 cikin 100. Binciken ya kuma samu yara 37 cikin 100 sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Lalle ne zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna da nasu laifin a wannan hali, amma rashin abinci mai gina jiki yana sahun gaba. Mace mai ƙarancin jini takan gaji da wuri, numfashinta ya riƙa sama-sama, kuma idan ta zubar da jini wajen haihuwa ranta yana cikin haɗari fiye da na mai cikakken jini.

DON ME ZA A JE WURIN MAI KIWO?

Kafin tsokar da kuka saya a teburin kasuwa ta iso hannunku, ta bi ta hannuwa da yawa. Daga makiyayi zuwa ɗan kasuwar ƙauye, daga nan zuwa babbar kasuwa irin ta Potiskum ko Maigatari ko Mubi, sa'an nan dillali, da mai mota, da mahauci, da mai tebur. Kowannensu yana da halaliyar ribarsa, amma duk a kan mai ci take taruwa. Idan jama'a suka haɗu suka sayi dabba sukutum, ribar da dama daga cikin waɗannan hannuwa ta dawo aljihunsu ke nan, ga kai da ƙafa da kayan ciki da ƙirgi duk nasu ne.

Amma babban dalilin ya wuce na kuɗi. Wanda ya sayi kilo guda a tebur bai ga dabbar tana tsaye ba. Bai sani ba ko da ƙafarta ta shiga kwata, ko kuwa a amalanke aka kai ta. Wanda ya saya daga mai kiwon turka na ƙauyen kusa, ko daga rugar da ya saba zuwa, yana iya ganin abin da dabbar take ci da ruwan da take sha, ya kuma tambayi yaushe aka yi mata allura. Shi ma mai kiwon ya san masu sayen za su dawo baɗi, saboda haka ba zai so ya ɓata sunansa ba.

Ba mu kaɗai muka gane wannan ba. A ƙasar Japan, tun cikin shekarun 1970 matan aure suka riƙa haɗa kai suna ƙulla yarjejeniya da manoma kai tsaye, don su san asalin abin da suke ba 'ya'yansu. A Amurka an fara irin wannan tsari a shekarar 1986 a gonaki biyu, ɗaya a jihar Masacusets ɗaya a Niyu Hamsha. Iyalai sukan biya manomi tun farkon shekara, shi kuma ya riƙa ba su rabonsu na amfanin gona, daga baya har aka sami masu yin haka da nama. Abin da za mu ara a wurinsu guda ɗaya ne, watau biyan mai kiwo tun da wuri da kuma ɗorewa da shi. Sauran duk muna da shi a watanda da adashi.

YADDA ZA A ƘULLA CINIKIN

A ce mutum ashirin ne suka haɗu. Abu na farko, su zaɓi ma'aji mai amana da magatakarda wanda zai rubuta sunan kowa da abin da ya zuba. Zubin wata-wata ya fi sauƙi a kan a nemi kuɗin gaba ɗaya ana gobe Salla, lokacin da kuma dabbobi suka fi tsada.

Ciniki da mai kiwo iri biyu ne, kuma rashin rarrabe su shi ne ya fi jawo rigima. Na farko, ku sayi san ya zama naku, ku bar shi a turken mai kiwon yana yi muku kiwo, kuna biyansa kuɗin dusa da harawa da angurya da ladan wahalarsa, har wata uku ko huɗu. A nan idan san ya yi ƙiba ribarku ce, idan kuma ya mutu ko aka sace shi ba da sakacin mai kiwon ba, asararku ce. Na biyu, ku ba da kafin alƙalami a kan zai kawo muku sa mai girma kaza a rana kaza. A nan dabbar tana nan a hannun mai ita har ranar da ya damƙa muku. Ko wanne kuka zaɓa, ku rubuta shi a takarda gaban shaidu, in da hali da sanin mai unguwa ko Sarkin Fawa. Mun sha ganin zumuncin shekara da shekaru ya lalace a kan tambaya guda da ba a yi ta tun farko ba: in san ya faɗi, wa zai ɗauki asara?

Ga ɗan lissafi don kada wani ya ga kamar an cuce shi ranar rabo. Idan an feɗe sa, an cire kai da ƙafa da fata da kayan ciki, abin da ya rage kusan rabin nauyinsa ne. Sa mai kilo 300 zai ba da kimanin kilo 150 na nama da ƙashi. A raba wa mutum ashirin, kowa ya tashi da kilo bakwai da rabi, wanda tsokar cikinsa za ta kai kilo biyar ko ta ɗan ɗara, ban da rabonsa na hanta da tumbi da sauransu. A yi rabon da sikeli, a tabbatar kowane kashi ya sami cinya da haƙarƙari da ƙashi daidai da ɗan'uwansa, sa'an nan a jefa ƙuri'a. Waɗanda ba su da yawa, ko ba su da wurin ajiya, rago ko bunsuru tsakanin gida huɗu ko biyar ya wadatar, ya ma fi sauƙin maimaitawa kowane wata.

'Yan'uwanmu mazauna Legas da Ibadan da Fatakwal da sauran biranen Kudu, yawancin shanun da suke samu sun kwana a kan hanya cikin mota, a cunkushe, ba ci ba sha. Idan irin wannan kuka saya, ku bar dabbar ta huta kwana ɗaya ko biyu, a ba ta ruwa, kafin a yanka. Naman dabbar da aka yanka a galabaice yakan yi duhu, kuma ba ya jimre ajiya. Akwai kuma masu kiwo da suka daɗe da zama a Kudu, kamar na yankin Oke-Ogun a Jihar Oyo, waɗanda ƙungiya za ta iya ƙulla hulɗa da su.

DUBA DABBA TANA RAYE, A KUMA DUBA TA BAYAN YANKA

Nan ne zuciyar maganar, don haka za mu ɗan tsawaita.

Dabba mai lafiya takan tsaya da ƙafafunta huɗu, idonta garau, hancinta da danshi, gashinta yana sheƙi, tana ci tana tuƙa. Ku guji wadda take tari, ko zawo, ko dalalar da miyau, ko wadda ta ware kanta daga garke ta sunkuyar da kai. Ku guji saniya mai kumburin gwiwa ko wadda ta yi ɓari, don alamar bakkale ce, ciwon da yake kama mutum ta jini da mahaifar dabbar da kuma ɗanyen nononta, ya bar shi da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Kada kuma a yanka saniya mai ciki. Asara ce ga dukiyar ƙasa, tun da an kashe biyu don a ci ɗaya.

Idan aka yi muku tayin dabba da arahar da ta wuce hankali, ku tambayi kanku dalili. Araha ba ta ado.

Ku tambayi mai kiwon ranar da ya yi wa dabbar allura ta ƙarshe. Kowane maganin dabbobi yana da kwanakin da dole a jira kafin a yanka, kuma a rubuce suke a jikin kwalbar. Wasu alluran kashe ƙwayoyin cuta sukan kai mako uku zuwa huɗu kafin su bar jikin dabba. Wanda ya ga sansa ya fara ciwo, ya ɗirka masa allura, ya sayar gobe, to ya sayar wa jama'a da nama da magani a haɗe. Yawan cin irin wannan yana cikin abubuwan da ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

Tsarin Mulkin ƙasa na 1999 ya ɗora wa Ƙananan Hukumomi nauyin kafa kwata da wuraren yanka da lura da su. Saboda haka wurin da ya dace a yanka san watanda shi ne kwatar hukuma, inda akwai daɓen siminti da ruwa da ma'aikacin duba nama. Inda babu kwata kusa, a gayyato malamin dabbobi, a yi yankan da sassafe a kan shimfiɗa mai tsabta, nesa da bola da makwararar ruwa. Ma'aikacin zai tsaga huhu da kaluluwa yana neman ƙulluttan tarin fuka, wanda yake tashi daga shanu ya kama mutane. Zai yanka tsokar muƙamuƙi da harshe da zuciya yana neman wasu fararen ƙwayoyi kamar tsabar shinkafa, waɗanda in mutum ya ci su ba su dahu ba sukan zama tsila a cikinsa. Zai kuma tsaga hanta ko akwai tsutsa mai kama da ɗan ganye. Duk abin da ya ce a zubar, a binne shi. Kada a ce za a ba almajirai ko maƙwabci mai ƙaramin ƙarfi, kada kuma a jefa wa karnuka. Abin da bai dace da cikinku ba bai dace da na kowa ba.

Akwai ciwo guda da ya fi duk waɗannan haɗari, shi ne ciwon saifa. A watan Yuni na 2023 Ma'aikatar Gona ta Tarayya ta gargaɗi jama'a game da ɓullarsa a arewacin Ghana, sai ga shi a watan Yuli na wannan shekara Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ta tabbatar da shi a wata gona kusa da Suleja, Jihar Neja. A watan Janairu na 2025 kuma aka sake ba da sanarwar ɓullarsa a Jihar Zamfara. Alamarsa ita ce dabba ta faɗi farat ɗaya, cikinta ya kumbura da sauri, baƙin jini wanda ba ya daskarewa ya riƙa fitowa ta hanci da baki da dubura. Mun san al'adar da ake yi ta rugawa da wuƙa don a riski dabba kafin ta cika, kada a yi asara. A irin wannan hali, wuƙar ita ce asarar. Da zarar an buɗe gawar, ƙwayoyin cutar sukan yi wa kansu sulke su zauna a ƙasar wurin shekaru masu yawa, kuma mai fiɗa da mai ɗaukar fata da mai wanke nama duk suna iya kamuwa tun kafin a ɗora tukunya. Kada a yanka, kada a feɗe, kada a ja ta zuwa wani wuri. A sanar da asibitin dabbobi mafi kusa nan take. Akwai allurar rigakafin wannan ciwo da ake yi wa dabbobi kowace shekara, kuma yana da kyau ku tambayi mai kiwonku ko ya yi wa nasa.

Wata ƙaramar magana: masu babbake kai da ƙafa da ganda su yi da itace ko kara. Hayaƙin tayar mota da roba yana barin guba a jikin fatar, wanki kuwa ba ya fitar da ita duka.

BAYAN NAMA YA ISO GIDA

A ƙasarmu mai zafi nama ba ya jira. Kayan ciki su ne masu saurin lalacewa, don haka a wanke su da ruwa mai tsabta a dafa a ranar. Masu firji su ƙulla naman a 'yan ƙananan ledoji, kowane ƙulli na girki ɗaya, don kada a riƙa narkar da duka ana sake daskarar da shi. Idan wutar lantarki ta daɗe ba ta dawo ba har naman ya narke ya saki ruwa, a dafa shi nan da nan. Wanda ba shi da firji, iyayenmu mata sun bar mana dabaru: a tafasa a soya har ruwan ya ƙone, a yi dambu, ko a yanyana siri-siri a shanya inda ƙuda ba zai sauka ba, ko a yi banda. Wajen girki, a tabbatar nama ya dahu har cikinsa, babu sauran ja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin digiri 70 a tsakiyar abinci yana kashe kusan duk ƙwayoyin cuta, ta kuma yi gargaɗi kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba. Wuƙa da faifan da suka taɓa ɗanyen nama kada su taɓa latas ko tumatirin da za a ci ɗanye sai an wanke su da sabulu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a cinye rabon duka cikin kwana uku, har wasu su kwanta da ciwon ciki, sa'an nan a yi wata biyu tukunya ba ta ga tsoka ba. Jiki ya fi amfana da kaɗan-kaɗan a kai a kai. Mu koma ga kilo biyar ɗin nan. A gida mai mutum takwas, giram 400 ya isa miya guda kowa ya sami yankansa. Watau rabon zai yi girki goma sha biyu, idan kuma sau uku ake sa nama a mako, ya kai wata guda cur. Ƙashi da ɓargo kuma su yi romo na wasu ranakun. Ranakun da babu nama, wake da gyaɗa da waken soya da ƙwai da busasshen kifi da nono suna nan.

WA YA FI BUKATA?

A gidaje da yawa, kwanon maigida shi ne yake kwashe tsoka, yara su tashi da romo. Muna girmama matsayin maigida, amma gaskiya ita ce jikinsa ya gama girma. Masu bukatar naman da gaske su ne mace mai ciki, da mai shayarwa, da 'yan mata da suka fara al'ada, da ƙananan yara, da wanda ya tashi daga jinya. Camfin nan da ake yi cewa yaron da ya saba da nama ko ƙwai zai yi sata ba shi da tushe ko kaɗan, kuma ya daɗe yana cutar da 'ya'yanmu.

Jariri nonon uwa zalla yake bukata har wata shida. Daga nan, tare da ci gaba da shan nono, ana iya dafa tsoka ko hanta ta yi laushi sosai, a daka ta lilis, a gauraya masa cokali ɗaya ko biyu a fate ko kunu mai kauri. Hanta tana da ƙarfe da bitamin A mai yawa, ɗan yanki sau ɗaya a mako ya ishi yaro. Saboda yawan wannan bitamin ne ma ake shawartar mai ciki, musamman a watannin farko, kada ta yawaita cin hanta, ta fi mayar da hankali ga tsoka, ta kuma ci gaba da shan maganin ƙarin jini da aka ba ta wurin awo. A rage shan shayi a kan abinci, don yana hana jiki tsotse ƙarfe. Lemo ko gwaba ko mangwaro bayan cin abinci sun fi.

Manya kuwa, musamman masu hawan jini ko ciwon sukari ko ƙiba, su kama kansu daga kitse da tozo da yawan gishiri. A shekarar 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yawan cin naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi don ajiya yana ƙara haɗarin sankarar hanji, kuma akwai alamun yawan cin jan nama shi ma yana iya yin haka. Kilishi da banda suna cikin irin wannan sarrafaffen nama, saboda haka dabarun ajiya ne, ba abincin kullum ba. Masana sun ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 350 zuwa 500 na dafaffen jan nama a mako, kuma a kankare wurin da ya ƙone ya yi baƙi a jikin tsire ko balangu.

Ƙungiyar da take son fara watanda irin wannan ta tuntuɓi ofishin kula da dabbobi na Ƙaramar Hukumarta, ko asibitin dabbobi na jiha, tun kafin ta biya kuɗin sa. A can za a gaya mata ranakun da ma'aikacin duba nama yake kwata, da abin da ake biya na yanka, da kuma ko akwai wani ciwon dabbobi da ya ɓulla a yankin da take shirin saye.